YATSAN INNA A KAN LAMBA UKU

Shafi na 23

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Ubangijin da Ya halicci jiki, Ya san iyakar abin da jiki yake iya ɗauka, Ya kuma hore wa bayinSa sanin magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku 'yan'uwa masu bibiyar wannan labari, saƙonninku sun iso, har da na masu tsine wa Auta. Ku sassauta harshe, domin ba a gama sauraron shaidu ba. Ga wanda yau ya fara shigowa: an yi wa Inna tiyatar cire matsarmama, ta rasu bayan kwana tara da ciwon huhu. Kafin tiyatar an shigar da ita wani bincike na likitocin sa barci a kan sabuwar hanyar kashe zafi, kuma Auta, ƙaramar 'yarta, ita ta karanta mata takardar amincewa, ta sa hannu a matsayin shaida. Tun ranar da Yaya, babban ɗan gidan, ya tsinci takardar a jakar Inna, ya daina amsa gaisuwar ƙanwarsa, ya hana ta taka gidansa, inda mahaifinsu yake zaune yanzu. Yau kwana ashirin da shida ke nan. Asibiti ya kira su zama da ƙarfe goma na safe.

*

Ofishin yana ƙarshen barandar da ke kaiwa ɗakin tiyata. Ɗaki ne ƙarami: tebur ɗaya, kujerun roba huɗu, da kabad na ƙarfe mai kwado. Likitan barci, wanda binciken yake hannunsa, ya ajiye fayil ɗin Inna a gabansa ya ɗora tafin hannu a kai. A gefensa Sista ce tsaye, nas ɗin da aka ɗora wa bin marasa lafiyan binciken gado-gado. Baba ya zauna kusa da taga, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Auta ta zaɓi kujerar da ta fi nisa da yayanta.

"Bismillah, Injiniya, ga kujera," in ji Likita.

"Ba zama ya kawo ni ba. Kuma ni makanike ne, ba injiniya ba. A bar ni da sana'ata, kada a fasa mini kai."

"Kai, zauna," in ji Baba, bai ko ɗago ba.

Yaya ya ɗosana a bakin kujera.

"Tambaya ɗaya na zo da ita, Likita. A wane rukuni kuka jefa uwata? Cikin masu magani, ko cikin waɗanda ake yi wa allurar ruwa ana kallon yadda za su yi kuka?"

"Ba a yi wa kowa allurar ruwa ba. Rukuni biyu ne, kuma dukansu ana ba su ƙwayoyin rage zafi a kan lokaci. Bambancin shi ne, rukuni ɗaya muna ƙara musu wata allura tun suna cikin barcin tiyata. Muna duba jijiyoyin da ke ƙarƙashin haƙarƙari da na'urar hoto, mu zuba maganin a gefensu, wurin yankan ya mutu na wasu sa'o'i."

"Wa ya zaɓa mata rukuni?"

"Ba kowa. Ambulan ne na takarda a rufe, kowanne da lamba."

"Caca ke nan! Kun yi caca da uwata!"

"Ana yin haka ne domin kada son ran likita ya shiga, ya zaɓar wa wanda yake so abin da yake ganin ya fi. Ni kaina ba ni na yi mata allurar ba, ban san rukuninta ba sai bayan rasuwarta, da kwamitin ɗa'a na asibiti ya ba da umarnin a buɗe ambulan ɗinta. Ta samu sabuwar allurar. Ta samu abin da muke fatan shi ne mafi kyau."

Yaya ya yi wata dariya marar daɗi.

"Mafi kyau! Kin ji, Malama mai sa hannu? Mafi kyau kika saya mata. To Likita, in mafi kyau ta samu, me ya sa ta yi kwana huɗu tana cizon mayafinta? Da hannuna na naɗe shi bayan rasuwa. Gefensa duk huda ne, sawun haƙori."

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya sauka a bayan hannunta, ba ta share ba.

Likita ya cire tabarau ya ajiye.

"Zan gaya maka gaskiya, ko da za ta ƙara maka fushi. Allurar nan ba ta kwana huɗu ba ce, tana saki. Yankan matsarmama kuma a ƙarƙashin haƙarƙari yake. Idan zafi ya yi yawa, mutum ba ya iya jan numfashi har ƙasa, ba ya iya tari. Majina sai ta kwanta a huhu, cuta ta samu wurin zama. Ajali na Allah ne, ban ce zafin kaɗai ya kashe ta ba. Amma shi ya buɗe wa ciwon huhun ƙofa."

"Kun sani ke nan."

"Mun sani."

"Kun sani, kuka bar ta!"

Ya daki teburin har biro ya faɗi ƙasa. Sista ta duƙa ta ɗauka. Sannan ta zaro wata 'yar rula ta roba daga aljihunta, ta ajiye a gabansa. Lambobi ne a jere daga sifiri zuwa goma, da zanen fuskoki a samansu, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana kuka.

"Wannan shi ne ma'aunin zafi," in ji ta. "Kowace awa huɗu ina zuwa in nuna wa marar lafiya, ya ɗora yatsa inda zafinsa ya kai. Dokar binciken ita ce, duk wanda ya nuna huɗu ko sama, ko a wane rukuni yake, nan take a yi masa allura mai ƙarfi. Ba a jira. Maganin yana kabad, makulli yana wuyana."

Likita ya buɗe fayil ya tura masa takarda. Yaya ya bi layin da ɗan yatsansa mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Leɓunansa suna motsi.

"Takwas. Sai uku. Uku. Uku. Uku." Ya juya bayan takardar. "Takwas sau ɗaya, uku sau goma sha bakwai. Ƙarya ce! Wallahi ƙarya ce! Zama ɗaya aka yi aka cike wannan, bayan ta mutu, domin a rufe bakinmu!"

"Malam, ka tsaya nan!"

Muryar Sista ta cika ɗakin. Har Baba sai da ya ɗago.

"Ka yi rashin uwa, na yi maka uzuri tun shigowarka. Amma kada ka kira ni maƙaryaciya. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ban taɓa rubuta lambar da marar lafiya bai nuna ba. Duba gefen takardar. Ai ka iya karatu, duba!"

A gefen kowane layi akwai ƙananan rubutu da jan biro. Yaya ya kawo takardar kusa da idonsa. Sista ba ta jira shi ba, ta karanto daga ka.

"Tana gumi, ta riƙe ƙarfen gado, ta nuna uku. Numfashi sama-sama, ta ƙi yin tari, ta nuna uku. Na roƙe ta, ta nuna uku. Na sanar da Likita. Na sake sanar da Likita. Wanda yake son rufe baki haka yake rubutu?"

"To idon naki na mene ne? Kina ganin tsohuwa tana gumi, sai ki tsaya tambayar rula? Ni injin nake gyarawa. Ko janareto ne yake kuka, ba na tambayarsa lamba nawa yake ji. Kashe shi nake yi in buɗe!"

"Janareto ba ya ce maka a'a," in ji Likita. "Mahaifiyarka ta ce."

Likita ya ci gaba.

"Sau biyu na je gadonta da kaina. Na ce, Mama, jikinki yana gaya mini abin da yatsanki bai gaya mini ba, bari a yi miki allurar. Ta ce ba ta so. Na tambaye ta sunanta, da ranar da muke, da sunayen 'ya'yanta, ta lissafa ku duka har da waɗanda suka rasu suna jarirai. Hankalinta ƙalau. Ba a danne mai hankali a soka masa allura. Kuma wannan ƙa'idar ta cewa zafi shi ne abin da mai jiki ya faɗa, ba don mugunta aka kafa ta ba. An kafa ta ne saboda a da likita yakan kalli fuskar mutum ya ce raki ne, ya hana shi magani."

"Sai ka wanke hannunka ka tafi."

"Ban wanke ba. Laifina biyu ne, kuma na rubuta wa kwamiti da hannuna." Likita ya ɗaga yatsa ɗaya. "Na farko, na tambaye ta ko tana so, ban tambaye ta don me ba ta so ba. Na biyu ya fi muni. Abin da binciken yake aunawa shi ne, sau nawa kowane marar lafiya ya buƙaci allura mai ƙarfi. Mahaifiyarka sau ɗaya tak. A jadawalin sakamako ta shiga cikin waɗanda suka fi samun sauƙi. Da aka buɗe ambulan aka ga tana rukunin sabuwar allura, na ji daɗi a raina kafin in ji kunya."

Yaya ya miƙe tsaye a hankali.

"Ka ji daɗi."

"Na ji. Alhali ya kamata tun ranar farko in gane. Zafi na gaskiya hawa yake yi yana sauka. Yana ƙaruwa idan an juya mutum, yana raguwa bayan ƙwaya. Layin da ya miƙe sambal a kan uku, kwana huɗu, ba layin ciwo ba ne. Layin niyya ne."

"Uwata tana cizon mayafi, kai kana ƙidaya ta cikin riba! Da ba ta mutu ba da tuni ka aika wa duniya cewa maganinka ya yi aiki, a bi tsofaffin mutane ana rage musu allura da shaidar uwata!"

"Haka ne. Shi ya sa na dakatar da aika sakamakon. Mun koma kan fayil ɗin kowa, ɗaya bayan ɗaya."

"Allah Ya isa!"

"Kai!" in ji Baba.

"Baba, ka bar ni! Kwana ashirin da shida ina haɗiye wannan abin!"

Ya ku masu karatu, fushi idan ya samu gaskiya kaɗan sai ya nemi ya cinye sauran. Yaya ya samu laifin Likita a hannunsa, amma bai ƙoshi ba, domin ba Likita ne ya fi yi masa ciwo ba. Ya juya ga Sista, yana nuna Auta da yatsa ba tare da ya kalle ta ba, kamar yadda ya saba tun ranar da ya daina yi mata magana.

"To ni yanzu na gane. Inna ba ta yi boko ba. Ba ta san huɗu daga uku a kan roba ba sai an nuna mata. Wani ne ya gaya mata inda iyakar take. Wa ya karanta mata takarda? Wa ya zauna yana fassara mata layi-layi yana jin shi mai ilimi ne? Ga ta nan zaune!"

"Lambar ba ta cikin takardar amincewa," in ji Likita. Ya zaro kwafin ya miƙa. "Karanta sakin layi na biyar. Cewa aka yi, idan zafi ya tsananta za a ƙara magani. Babu huɗu, babu uku. Wannan iyakar tana cikin littafin ma'aikata ne kawai. Da gangan muka ɓoye ta, domin kada ta karkatar da yatsan marar lafiya."

Yaya ya karanta. Ya sake karantawa.

"To a ina ta ji?"

Ya juya ga Sista.

"Sista, da ke nake. A ina ta ji?"

Sista ta dubi ƙasa.

"Bari in fara daga takwas ɗin nan. Ranar Litinin aka yi tiyatar da safe. Wajen azahar maganin ya fara saki, ta nuna takwas, na yi mata allurar. Zafi ya kwanta, barci ya ɗauke ta. Ba ta farka ba sai bayan isha'i. Abu na farko da ta tambaye ni shi ne ƙarfe nawa. Da na gaya mata sai ta fashe da kuka, kukan da ban ji ta yi saboda yankan ba. Ta ce la'asar da magariba da isha'i sun wuce ta tana kwance kamar gawa. Ta ce tun da ta yi hankali rana ba ta taɓa faɗuwa da la'asar a wuyanta ba."

"Sai me?"

"Washegari, Talata, da rana, wani ya tsayar da ni a baranda. Ya ce in yi masa bayanin yadda aikin rular yake, daga wace lamba ake yin allurar. Na san bai kamata in faɗa ba. Amma na ɗauka yana tambaya ne domin ya tabbatar ba a hana ta haƙƙinta. Na faɗa. Wannan shi ne nawa laifin, kuma shi ma yana gaban kwamiti. Kafin lokacin tana nuna uku ne da ka, tana kallon fuskata ta ga abin da zan yi. Bayan lokacin kuwa, ko kallon rular ba ta yi. Yatsanta ya san hanya."

"Wane ne?"

"Ni ce!"

Auta ce. Ta miƙe tsaye.

"Ni ce na tambaye ta. Yaya, ni ce. Ka ci gaba da fushinka, na yarda, na ɗauka. A tashi haka nan. Likita, mun gode, a rufe fayil ɗin."

"Malama," in ji Sista a hankali, "na ga abin da kike yi, kuma Allah Ya saka miki. Amma yanzu aka gama kirana maƙaryaciya. Ba zan taya ki ƙarya ba."

"Sista, don girman Allah!"

"Ba zan faɗi suna ba. Amma ba zan ce ke ce ba."

Yaya ya tsaya yana kallon bango, yana lissafi a fili kamar yadda yake yi idan mota ta ƙi tashi.

"Talata da rana. Ni ina gareji, ranar aka kawo mini babbar mota. Matata ta zo da safe ta koma kafin sha ɗaya. Wannan kuwa tana makaranta, ba ta tashi sai biyu da rabi, na sani domin ni na aika a ɗauko ta. Gwaggo ba ta iso ba sai Laraba. Talata da rana babu kowa a wajen Inna sai..."

Bai ƙarasa ba.

Baba ya jingine sandarsa da bango. Ya gyara zaman hularsa da hannu biyu, kamar yadda yake yi idan zai fara karantarwa. Shekara arba'in yana ba da karatu a zaurensa, muryarsa ba ta taɓa rawa a gaban ɗalibai ba. Yau ta yi.

"Auta, zauna. Ya isa. Kin ɗauki kayan da ba naki ba, ni kuma na zuba ido ina kallonki. Ni na tambayi Sista."

"Baba!"

"Ni na tambaya. Na koma na zauna a bakin gadon, na ɗauki yatsanta na nuna mata a tafin hannuna. Na ce, nan ne huɗu, kada ki kai nan."

Yaya ya juyo ga mahaifinsa.

"Baba, kai?"

"Ni."

"Kai da ka koya mana cewa mai barci ba a rubuta masa laifi? Kai da ka ce idan ya farka ya rama, shi ne lokacinsa? Ina da shekara tara ka koya mini wannan! Kai da kake gaya wa mutane neman magani ba ya karya tawakkali, cewa marar lafiya yana da sauƙin da mai lafiya ba shi da shi? Mutum nawa suka zo zaurenka ka sauƙaƙa musu? Sai a kan matarka ilimin ya ƙare?"

"Na gaya mata duk wannan. Ta ce ta san hukuncin, shekara arba'in tana jin sa ta bayan labule. Ta ce ba tsoron zunubi take yi ba. Ta ce, Malam, ina jin tafiyar ta kusa, ba na son a zo ɗaukata ina barci, bakina babu kalma."

"Sai ka ce mata me?"

"Kamata ya yi in ce mata Allah Ya fi ta sanin abin da ke zuciyarta, ko tana barci ko tana farke. Shi ne amsar, kuma na san ta. Da baƙuwa ce ta tambaye ni, da haka zan faɗa mata." Ya dubi tafin hannunsa. "Amma ni ma tsoron nake ji. Kuma zan faɗi abin da ya fi wannan, tun da yau ranar faɗa ce. Na ji alfahari. Ina kallonta tana danne zafin, ina cewa a raina, ka ga matar da na tarbiyyantar."

Likita ya kawar da kai wajen taga. Sista ta rufe bakinta da hannu.

A nan mai wannan rubutu yake roƙon kada wani ya ɗauki abin da Baba ya yi a matsayin taƙawa. Shi kansa bai ɗauke shi haka ba. Jiki amana ne, kuma Ubangijin da Ya wajabta salla Shi ne Ya yi rangwame ga marar lafiya. Ilimi yana iya zama a harshen mutum shekara arba'in, ranar da tsoro ya shiga gidansa ya neme shi ya rasa. Allah Ya tsare mu.

Yaya ya juya. Karo na farko cikin kwana ashirin da shida, ya dubi ƙanwarsa ido cikin ido.

"Kin sani?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis. Ranar da aka mayar da ita ɗakin kulawa ta musamman."

"Me kika ji?"

"Yaya, ka bari."

"Me kika ji!"

"Ka bari, na roƙe ka! Ka riga ka rasa Inna. Ni na zaɓi ka ƙi ni, ai ni ƙanwa ce, wata rana za ka huce. Amma idan ka ji wannan..."

"Ni zan faɗa," in ji Baba. "Ta zo da ruwan zafi, tana bayan labule, ban san tana nan ba sai da na ga ƙafafunta. Ranar Alhamis, da misalin uku da rabi na yamma, mahaifiyarku ta kama rigata. Ta ce, Malam, na gaji. Kira mini Sista, zan nuna mata gaskiya, a yi mini allurar."

Yaya bai motsa ba.

"Na duba agogo. Saura minti ashirin la'asar. Na ce mata, kin yi kwana uku, ki ƙara minti ashirin, ki yi sallarki tukuna, sai in kira ta."

"Ta yarda?"

"Ba ta taɓa yi mini musu ba."

"Ka kira Sistar?"

"Ta yi sallar da ido. Kafin ta idar zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya sarƙe. Da na kira, ba allurar zafi aka zo da ita ba, gado mai taya aka kawo aka fita da ita."

Fankar sama tana juyawa. A baranda wani ya wuce da keken magani, ƙafarsa ɗaya tana ƙara.

"Kwana ashirin da shida," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. "Kana zaune a gidana. Kana ji ina hana ta shiga. Ranar da ta zo gaishe ka ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana, na rufe, kana ɗaki kana ji. Kullum da asuba ina bin ka salla, ina cewa amin a bayanka."

"Haka ne."

"Ba ka ce komai ba."

"Ban ce ba. Na ji tsoron idonka."

Baba ya miƙa hannu, yana neman ya kama gefen rigar ɗansa. Yaya ya ja da baya taku ɗaya. Hannun ya tsaya a iska.

"Yaya!" in ji Auta. "Yaya, ka ji tsoron Allah, mahaifinmu ne!"

Yaya ya nufi ƙofa. Ya kama mariƙin, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ki yafe mini. Ƙofata a buɗe take gare ki daga yau."

Ta fashe da kuka.

"Amma ki gaya wa mahaifinki ya nemi inda zai kwana."

Ya buɗe ƙofar ya fita. Baba ya yunƙura zai bi shi, ya lalubi sandarsa a jikin bango, sai ya sulale ƙasa.

"Sista!" in ji Likita, yana zagayo teburin da gudu. "Riƙe kansa!"

*

Ya Allah, Ka jiƙan Inna da dukan waɗanda suka riga mu, Ka sanya zafin da suka sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata musu makwanci. Ka ba likitocinmu basirar tambayar abin da marar lafiya ya ɓoye, Ka ba marasa lafiyanmu ƙarfin faɗin gaskiyar jikinsu. Wanda ya karanta wannan shafi, Ka tsare shi daga tsanantawa a inda Ka sauƙaƙa, Ka riƙe zumuncinsa kada ya tsinke a hannunsa, Ka sa ya cika da imani, ko yana farke ko yana barci. Amin.